Yadda Ake Shawo Kan Aiptasia da Majano a Tankin Murjani na Ruwan Gishiri

Duk wanda ya daɗe yana kiwon murjani a cikin tankin gilashi na ruwan gishiri, akwai ranar da zai sunkuya ya leƙa gindin wani dutse, ya hangi wata 'yar halitta mai launin ƙasa-ƙasa ta miƙo wuya daga cikin rami tana kaɗa siraran hannuwanta a cikin ruwa, kamar ƙaramar bishiyar dabino da iska ke kaɗawa. Sabon shiga yakan yi murna, yana ganin ya samu kyauta a jikin dutsen da ya saya. Wanda ya san ta kuwa, gabansa ne zai faɗi, domin ya san cewa ɗayar nan da ya gani tana iya zama ɗari kafin wata uku, kuma duk murjanin da ta kusanta sai ta harbe shi har ya rufe ya daina buɗewa. Wannan halitta ita ce Aiptasia, ɗaya daga cikin furannin teku da ake kira anemoni, kuma tana da 'yar'uwa a wajen ɓarna wadda ake kira majano.

Abin da na koya bayan na sha wahalarsu shi ne, yawancin tankunan da suka cika da waɗannan halittu, hannun mai tankin ne ya taimaka wajen yaɗa su, saboda gaggawar ganin bayansu a rana ɗaya. Saboda haka wannan jagora an tsara ta ne bisa bin matakai a jere: a gane abin da ake faɗa da shi, a san yawansa da maɓoyarsa, a zaɓi hanyar da ta dace da yawan, sannan a riƙa maimaitawa har tsawon makonni.

Mataki na ɗaya: tabbatar da abin da ka gani

Aiptasia da aka fi gani a tankuna, masana suna kiranta Exaiptasia diaphana, kodayake tsofaffin littattafai sun san ta da Aiptasia pallida. Tana da dogon jiki kamar kara, a samansa akwai faifai mai baki a tsakiya, kewaye da shi kuma dogayen hannuwa masu tsini a ƙarshe. Jikinta yana da ɗan garai-garai har kana iya hango haske ta cikinsa, shi ya sa wasu ke ce mata furen gilashi. Launin ƙasar nan da take da shi ba nata ba ne, na wasu ƙananan tsirrai ne masu ƙwaya ɗaya da ke zaune a cikin naman jikinta suna samar mata da abinci daga haske, daidai yadda suke yi wa murjani. Idan ta samu kanta a cikin duhu, kamar cikin bututu ko bayan dutse, sai ta yi fari fat ta ci gaba da rayuwa da ɓurɓushin abincin da ruwa ke kawo mata, don haka kashe fitilar tanki ba ya kashe ta. Wannan taurin rai nata ne ya sa masu bincike suka mayar da ita abin gwaji a ɗakunan nazarin murjani, har aka fitar da cikakken tsarin ƙwayoyin gadonta a shekarar 2015.

Majano, wadda sunanta na kimiyya Anemonia manjano, gajera ce kuma kakkaura. Hannuwanta gajeru ne masu kumburi a ƙarshe, launinta kan kasance kore ko ruwan ƙasa mai ɗan sheƙi, kuma ta fi son zama a fili inda haske ke dukanta. Tana da kyau a ido, har wasu kan ɗauke ta a matsayin jaririyar anemoni mai daraja su bar ta, sai daga baya su ga ta rabu biyu, biyun sun zama huɗu, tana tafiya a hankali a kan dutse tana ƙona duk abin da ta taras.

Bambancewa tsakanin biyun yana da muhimmanci domin wasu dabbobin da ke cin Aiptasia ba sa ko kallon majano. Haka kuma akwai halittu marasa laifi da ke kama da su, musamman tsutsar nan mai geza kamar gashin tsuntsu da ke zaune a cikin bututun da ta gina wa kanta, da kuma ƙananan murjanin zoanthid. Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce ka kawo tsinke kusa da abin. Tsutsar geza takan ɓace cikin bututunta cikin ƙiftawar ido, kuma za ka ga bututun a tsaye. Zoanthid takan naɗe kanta a hankali ta zama kamar maɓalli, tana nan a inda take. Aiptasia kuwa takan tsuke jikinta gaba ɗaya ta shige ramin dutse har ka rasa inda take, wani lokaci kuma ta fito da wasu fararen zare masu harbi daga jikinta idan an matsa mata.

Mataki na biyu: ƙirga su, ka san maɓoyarsu

Kafin ka taɓa ko guda, ka ba wa kanka dare biyu ko uku na dubawa. Ka jira kamar awa ɗaya bayan fitila ta mutu, ka ɗauki tocila ka haska duwatsun daga kowane ɓangare, daga ƙasa da gefe da bayan tanki idan akwai hanyar kaiwa can, domin a wannan lokaci ne suke miƙewa sosai. Ka buɗe akwatin da ruwa ke malala ta cikinsa zuwa ƙasa, ka duba tankin tacewa na ƙarƙashi, ka duba jikin famfo da na'urar ɗumama ruwa, da curin ciyawar teku idan kana ajiye ta a can. Ka zana tankin a takarda ka sa alama a duk inda ka ga ɗaya, ko ka ɗauki hoto da waya ka riƙa kwatantawa mako-mako.

Wannan ƙidaya ita ce za ta zaɓa maka hanya. Idan ba su wuce goma ba kuma hannunka yana kaiwa gare su, aikin hannu ya isa. Idan sun kai gommai kuma wasu suna cikin lunguna, sai an haɗa aikin hannu da dabba mai cin su. Idan kuwa sun rufe duwatsu kamar ciyawa a damina, to sirinji ba zai yi komai ba, sai dai dabbobi ko a fitar da duwatsun a wanke.

Mataki na uku: kame hannunka daga abubuwan da ke ƙara su

Manomi ya san halin ciyawar kiri-kiri: idan aka sassare ta da fartanya aka bar guntayen a cikin ƙasa mai laima, kowane guntu sai ya yi saiwa. Haka Aiptasia take. Ko ba a taɓa ta ba, idan tana matsawa a kan dutse takan bar 'yan guntayen tafin ƙafarta a baya, kowane guntu kuma ya girma ya zama cikakkiyar halitta cikin 'yan makonni. To ina ga an sa burushi an goge ta, ko an kama ta da hantsaki an fizge, ko an murƙushe ta da tsinke a cikin ruwan da famfo ke juyawa? Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure a tankina na farko. Na ga guda uku a jikin wani dutse, na sa tsohon burushin haƙori na goge su tas, na kwanta ina jin na gama. Bayan kamar wata ɗaya na ƙirga 'yan ƙanana sama da ashirin a wurare daban-daban, har da gindin wani murjani da nake ji da shi, wanda gefensa ɗaya ya mutu kafin in ankara.

Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan muni domin ya shafi ran mutum. Kada a taɓa dafa dutsen tanki a tukunya, kada a zuba masa tafasasshen ruwa a cikin ɗaki, kada kuma a kankare shi da burushin ƙarfe ba tare da kariya ba. Wasu nau'o'in zoanthid da Palythoa da ke manne a jikin duwatsu suna ɗauke da dafin palytoxin, wanda yake cikin mafi ƙarfin dafin da aka sani, kuma tururi yana iya ɗauko shi ya kai huhun duk wanda ke gidan. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto a shekarar 2015 game da mutanen da suka kamu da rashin lafiya a jihar Alaska bayan hulɗa da irin waɗannan murjanai a gidaje da shaguna. Duk aikin da za ka yi da dutse, ka sa safar hannu ta roba da tabarau mai kare ido, ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama, kuma idan kana da rauni a hannu ka bari sai ya warke.

Mataki na huɗu: idan dutsen yana fita, fitar da shi

Babu hanyar da ta kai wannan tabbas. Idan Aiptasia tana jikin ƙaramin dutse ko a kan ɗan fegin da aka manna guntun murjani a kai, ka ciro shi daga tanki ka yi aikin a cikin roba daban. Idan a kan fegi take, ka yanke murjanin daga samansa ka manna shi a sabon fegi, ka jefar da tsohon. Idan a kan dutse take, ka sa kurfi da guduma ko filaya mai yanka ka ɓalle wurin da take tare da kamar rabin santimita na dutsen da ke kewaye da tafinta, sannan ka ɗauraye dutsen a cikin ruwan gishirin da za ka zubar, kafin ka mayar da shi.

Idan ramin da take ciki mai zurfi ne kuma bakinsa ƙarami, ana iya binne ta da rai. Ka taɓa ta ta shige, ka tsane bakin ramin da tsumma, ka cika shi da mannin nan mai kauri na Super Glue, ko kuma ƙullin epoxy, wani manni mai daskarewa ya yi tauri, da aka yi don tankin ruwa, ka danna shi ya zarce gefen ramin ta ko'ina. Sai dai dutsen murjani cike yake da ƙofofi kamar gidan gara, don haka ka riƙa duba ɗaya gefen, domin takan sulale ta ɓullo ta wata kafa.

Dutsen da ya cika da su kuma babu wani murjani mai daraja a jikinsa, gara a sadaukar da rayuwar da ke kansa. A jiƙa shi a waje, inda iska ke kaɗawa, cikin bokitin ruwan daɗi da aka zuba wa bilic maras turare, kamar kashi ɗaya na bilic cikin kashi goma na ruwa, ya kwana ɗaya ko biyu. Daga nan a ɗauraye shi sau da yawa, a jiƙa shi a ruwan da aka sa wa maganin kashe kulorin, a shanya shi a rana har ya bushe ƙarau kuma warin bilic ya ɓace gaba ɗaya. Kada a kuskura a haɗa bilic da binega ko wani abu mai tsami, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai guba. A tuna kuma cewa duwatsun nan su ne mazaunin ƙwayoyin da ke tace ƙazantar kifi, saboda haka kada a wanke fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, a bar makonni tsakanin wani wankin da wani.

Mataki na biyar: kashe su ɗaya bayan ɗaya da sirinji

Wannan shi ne aikin da mafi yawan masu tanki za su yi, kuma a nan ne ƙwarewar hannu take bambanta wanda zai yi nasara da wanda zai ƙara wa kansa aiki. Akwai magunguna da aka haɗa don wannan, irin su Aiptasia-X na kamfanin Red Sea, da Joe's Juice, da F-Aiptasia wanda ke daskarewa ya yi ɓawo a kan halittar. Wanda bai samu waɗannan ba yana iya amfani da garin Kalkwasser, wato garin kalsiyam da masu kiwon murjani ke narkawa a ruwan da suke ƙara wa tanki. Ana dama shi da ɗan ruwa mai tsabta har ya yi kaurin kunu, yadda zai iya bi ta bakin sirinji amma ba zai watse ba da zarar ya fito.

Da farko ka kashe dukkan famfuna, har da wanda ke dawo da ruwa daga tankin ƙasa, ka jira ruwan ya kwanta. Ka cika sirinjin, ka fitar da iskar da ke ciki, ka shigar da hannunka a hankali ba tare da inuwarka ta faɗa wa halittar farat ɗaya ba. Sirrin aikin shi ne kada bakin sirinjin ya taɓa ta. Ka tsayar da shi dab da bakinta, ka matsa kaɗan-kaɗan yadda maganin zai sauka a kan faifan kamar abinci. Za ka ga hannuwanta sun naɗo suna jawo shi zuwa baki, kuma a wannan lokaci ne za ka ƙara matsawa har ka rufe faifan duka. Idan ta tsuke ta shige rami, ka bi ta ka cika bakin ramin da maganin ya zama kamar murfi. Ka bar famfunan a kashe na minti goma sha biyar zuwa talatin, ko gwargwadon abin da takardar maganin ta ce. Kafin ka kunna su, ka sa siririn tiyo ka zuƙe abin da ya zuba a gefe da duk wani narkakken nama da ya fito, ka zubar da shi waje. Idan ɗigon maganin ya faɗa a kan murjani, ka hure shi da ruwa nan take, domin yana ƙona shi kamar yadda yake ƙona anemonin.

Dole a yi hattara da yawan abin da ake zubawa. Ruwan da ya ƙoshi da Kalkwasser yana kai kusan 12.4 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kanwa-kanwar ruwa, alhali tankin murjani yana son ya zauna tsakanin 7.8 da 8.4, saboda haka zuba mai yawa a ƙaramin tanki yana iya girgiza kifi da murjani fiye da ɓarnar da Aiptasia za ta yi a wata guda. Ni ba na wuce biyar ko shida a zama ɗaya a tankin da bai kai lita 200 ba, kuma nakan auna pH da ma'aunin dKH, wato ƙarfin ruwan na jure tsami, bayan awa ɗaya. Na fi son yin aikin da safe, lokacin da pH ke ƙasa saboda dare, kuma nakan fara da waɗanda suka fi kusa da murjani, sannan manya, sannan ƙanana.

Wasu suna tsira mata allura su ɗura ruwan lemun tsami ko binega a cikin jikinta. Yana aiki idan allurar ta shiga cikin kara kafin ta tsuke, amma hakan yana da wuya, kuma tsamin yana saukar da pH, don haka rabin mililita ga kowace ɗaya ya isa. Sodar da ake yin sabulu da ita ma tana kashe su, sai dai ba na ba kowa shawarar ya yi amfani da ita, domin ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa, kuma ribar da take da ita a kan Kalkwasser ba ta kai wannan kasada ba. Haka nake kallon fitilar leza mai ƙarfi da wasu ke ƙona su da ita ta bayan gilashi: hasken yana iya dawowa daga gilashin ya lalata idon mai riƙe da ita ko na yaron da ke tsaye a gefe.

Majano ta fi sauƙi ta wani fanni, domin ba ta shigewa can cikin rami kamar Aiptasia, kuma tafinta yana da kauri. Idan aka fitar da dutsen, sau da yawa ana iya sa bakin ƙaramar wuƙa a ƙarƙashinta a ɗaga ta ɗungurungum. Idan a cikin tanki ne, sai an lulluɓe ta da magani sosai, kuma takan buƙaci zagaye na biyu.

Bayan kwana huɗu ko biyar ka koma kan taswirarka ka duba kowane wuri da tocila. Kada ka yi mamaki idan ka ga wasu sun sake leƙowa ƙanana a gefen inda ka kashe uwarsu. Ka sake bin su tun suna ƙanana, ka mayar da wannan zagaye aikin kowane mako, har sai ka yi wata guda cur ba ka ga ko ɗaya ba.

Mataki na shida: sa dabbobin da ke cin su

Sirinji yana kaiwa ne inda ido ya gani kawai. Abin da ke bayan duwatsu da cikin lunguna sai mai rai ya bi shi, kuma kowace dabba a cikin waɗannan tana da sharaɗinta.

Wadda ta fi kowa ƙwarewa ita ce Berghia stephanieae, wani ɗan dodon koɗi na teku maras ƙoƙo, fari mai geza a baya, wanda tsawonsa bai cika wuce santimita biyu zuwa uku ba. Ba ya cin komai a duniya sai Aiptasia, don haka babu fargabar zai taɓa murjani, amma kuma ba ya cin majano. Da dare yake fita, yana cinye halittar har tafinta, yana kuma saka ƙwai farare a murɗe kamar zare a ƙarƙashin duwatsu, kuma 'ya'yan da za su ƙyanƙyashe su ne ainihin rundunar da za ta gama aikin. Masu kiwonsa kan ba da shawarar a sa kamar ɗaya ga kowace lita 40, kuma kada a sa ƙasa da 'yan guda a tare domin su samu juna su hayayyafa. A saba musu da ruwan tanki a hankali, a kashe famfo, a ajiye kwalbarsu a kan dutse kusa da ƙananan Aiptasia su fito da kansu, kada a zuba su kai tsaye a kan babba domin tana iya haɗiye su. Daga nan sai haƙuri, domin ana iya yin wata biyu ko uku ba a ga wani canji ba, sannan a wayi gari a ga duwatsu suna yin fili. Idan akwai kifin wrasse mai farautar ƙananan halittu ko jatan lande a tankin, za su iya cinye su kafin su yi aiki. A daina zuba magani idan an sa su, kuma idan Aiptasia ta ƙare a tattara waɗanda aka gani a ba wani mai tanki, domin yunwa za ta kashe su. Matsalarsu ga wanda ke nesa da Turai da Amurka, inda aka fi kiwonsu, ita ce ba sa jure doguwar tafiya da zafi.

Jatan landen peppermint, daga dangin Lysmata, ya fi sauƙin samu da araha. A shekarar 2006 masana suka nuna cewa abin da ake sayarwa da suna ɗaya, Lysmata wurdemanni, a gaskiya nau'o'i ne da yawa masu kama da juna, cikinsu har da Lysmata boggessi, kuma wannan yana daga cikin dalilan da ke sa wani ya yaba shi wani ya ce bai yi masa komai ba. Ya fi cin ƙanana, yakan bar manya, don haka a kashe manyan da sirinji a bar masa sauran, a kuma rage abincin da ake zubawa domin idan ya ƙoshi ba zai nemi Aiptasia ba. A kula sosai wajen saye. Wani shago ya taɓa sayar mini da jatan lande mai doro, wato Rhynchocinetes durbanensis, da sunan peppermint. Shi wannan yana da tozo kamar raƙumi, da manyan idanu da fararen layuka masu haske a kan ja, ba ya cin Aiptasia, kuma cikin mako guda ya fara yagar murjanaina masu laushi. Na ainihin jikinsa miƙaƙƙe ne mai garai-garai da siraran jajayen layuka.

A cikin kifaye akwai Acreichthys tomentosus, wani ɗan kifi mai kaushin fata da ke sauya launi ya saje da dutse, wanda ba ya wuce kimanin santimita 12. Yana da juriya, ana samun wanda aka haifa a gona, kuma wasunsa suna cin majano ma. Aibinsa shi ne idan abincin nan ya ƙare, wani yakan juya kan zoanthid da murjanai masu nama. Akwai kuma kifin malam-buɗe-littafi mai dogon baki da ratsin ruwan tagulla, Chelmon rostratus, wanda kyansa ke jan mutane su saye shi. Ina roƙon sabon shiga ya bar shi. Yana girma har kusan santimita 20, yana son tanki mai faɗi na lita 300 ko fiye, kuma da yawa daga cikinsu suna ƙin cin abincin da ake ba su har su rame su mutu. Wanda ya dage sai ya saye shi, ya tsaya a shagon ya ga kifin ya ci abinci a gaban idonsa, kuma ya shirya ciyar da shi tsawon shekaru bayan Aiptasia ta ƙare, domin rai ne aka ɗauko amanarsa.

Mataki na bakwai: tsabtace maɓoya da rage musu abinci

Sau da yawa mutum zai share babban tanki tas, bayan wata biyu su dawo, ya rasa daga ina. Amsar tana cikin akwatin malala da bututu da tankin ƙasa, inda babu kifi ko jatan landen da zai kai gare su. A ranar canjin ruwa ka kashe famfo, ka kankare bangon waɗannan wurare, ka zuƙe ruwan da guntayen ka zubar, kada ka bar ko ɗigo ya koma sama. Famfuna da bututun da ke kwancewa a jiƙa su a binega da ruwan daɗi, a ɗauraye, a shanya. A sa jakar tacewa a bakin bututun da ke saukowa, a riƙa canza ta duk bayan kwana biyu ko uku.

Rage abinci ba ya kashe su, amma yana rage saurin yaɗuwarsu ƙwarai. Garin abincin murjani da ake watsawa cikin ruwa ya fi amfanar Aiptasia fiye da kowa, don haka a dakatar da shi a lokacin yaƙin, ko a riƙa ba kowane murjani nasa da bututu. A ba kifi abin da zai cinye cikin minti ɗaya ko biyu. Ba a son a tsame ruwan har naitiret da fosfet, sinadaran da ƙazantar kifi da ragowar abinci ke barin su a ruwa, su koma sifili, domin murjani ne zai fara galabaita kafin anemonin.

Mataki na takwas: tsare ƙofa

Kusan kullum a jikin wani abu suke shigowa: sabon dutse, fegin murjani, curin ciyawar teku, ƙoƙon dodon koɗi, ko ruwan da ke cikin ledar shago. Magungunan da ake tsoma sabon murjani a ciki suna kashe tsutsotsi da ƙwari, amma ba a dogara da su a kan Aiptasia, domin takan tsuke ta jira a gama. Abin da ke aiki shi ne ƙaramin tankin killacewa, ko da na lita 40 ne, mai fitila da ɗan famfo, da gishiri daidai da na babban tanki, wato kimanin 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri, da zafin digiri 25 zuwa 26. Duk sabon murjani a cire shi daga fegin da ya zo da shi, a duba gindinsa da gilashin ƙara girma, a rufe duk wani mataccen wuri ko ramin da ke ƙasansa da manni, a ajiye shi a can mako huɗu zuwa shida. A cikin waɗannan makonni a riƙa ɗan watsa abinci kaɗan da yamma sannan a haska da tocila bayan awa ɗaya, domin ƙamshin abinci yana fito da 'yan ƙananan da ba su fi kan allura ba. Raga da hantsaki da tiyon da aka yi aiki da su a tankin killacewa kada su shiga babban tanki sai an wanke su da ruwan daɗi sun bushe, kuma ruwan leda a zubar da shi a magudana.